Doctor Who Ya Lalace Ne? Tambayoyi da Amsoshi Kan Hawa da Saukar Shirin

Duk shirin talabijin da ya daɗe, sai an samu masoyansa na cewa na da ya fi daɗi. A kan Doctor Who kuwa, tun kafin a haifi yawancin masu kallonsa na yau ake wannan ƙorafi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa, daga sababbin masu kallo har waɗanda suka tsufa a kansa.

Wane irin shiri ne wannan, kuma me ya sa gardamar ingancinsa ba ta ƙarewa?

Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne na gidan talabijin na BBC a Birtaniya. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin kisan shugaban Amurka John Kennedy. Jarumin labarin, wanda ake kira Dakta kawai, baƙon halitta ne daga wata duniya mai suna Gallifrey. Yana yawo cikin sararin samaniya da cikin zamani, ya leƙa jiya ya leƙa gobe, a wani jirgi mai suna TARDIS, wanda in ka gan shi daga waje sai ka ce shuɗiyar rumfar wayar 'yan sandan Birtaniya ce ta da. Zubin farko ya yi zango 26, ya tsaya a Disamba 1989. An yi fim guda na talabijin a 1996 da haɗin gwiwar Amurkawa, bai ɗore ba. Sai a Maris 2005 shirin ya dawo da sabon zubi.

Abin da ke rura gardamar shi ne suna ɗaya ne, amma shirye-shirye ne da yawa a ƙarƙashinsa. Wanda ya taso da na 1975 ya san labarin ban tsoro mai tafiya a hankali. Wanda ya fara a 2006 ya san labarin soyayya da dangi da gudu ba tsayawa. Idan su biyun suka ce "shirin ya canza", kowa gaskiya ya faɗa, sai dai ba abu ɗaya suke kewa ba.

Me ke sa shirin ya sauya kama haka kwatsam?

Abu biyu ne, kuma mutane sun fi lura da ƙaramin. Na farko sauyin jarumi. A 1966 rashin lafiya ya hana William Hartnell, wanda ya fara taka rawar Dakta, ci gaba, sai masu shirin suka ƙirƙiro dabarar cewa Dakta na iya sabunta jikinsa idan ajali ya matso, ya fito da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ne ya fara gadar rawar ta wannan hanya, kuma dabarar ce ta sa shirin bai mutu da jaruminsa na farko ba.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne sauyin masu jan ragama a bayan kyamara. A zubin farko furodusa da editan labari ne ke tsara alƙiblar shirin. A sabon zubi mutum ɗaya ne babban marubuci kuma jagora: Russell T Davies daga 2005 zuwa farkon 2010, Steven Moffat zuwa 2017, Chris Chibnall daga 2018 zuwa 2022, sannan Davies ya dawo a 2023. Hujja mafi sauƙi ita ce Tom Baker. Shekara bakwai ya yi yana Dakta, daga 1974 zuwa 1981, amma ƙarƙashin furodusa Philip Hinchcliffe shirin ban tsoro ne, ƙarƙashin Graham Williams ya koma barkwanci, a zangonsa na ƙarshe ƙarƙashin John Nathan-Turner kuma ya zama mai sanyi da jimami. Fuska ɗaya, shiri uku. Don haka duk wanda zai ce "lokacin wane ya fi", ya fara duba sunan wanda ke riƙe da alƙalami.

Wane lokaci ne masoya suka fi yarda shirin ya kai ganiyarsa?

A zubin farko, mafi yawa na nuna shekarun Hinchcliffe da editan labarinsa Robert Holmes, wato 1975 zuwa 1977. Daga nan aka samu "Genesis of the Daleks", "Pyramids of Mars" da "The Robots of Death". Dalilan a bayyane suke: Holmes gwani ne wajen sa ƙananan 'yan wasa su yi magana kamar mutanen gaske, labaran suna aron tsarin tsofaffin finafinan ban tsoro waɗanda an riga an san suna kama zuciya, kuma duhu da inuwa na rufa wa arhar kayan ɗakin ɗauka asiri.

A sabon zubi, shekarun da David Tennant ya yi yana Dakta, musamman 2007 da 2008, su ne suka fi tara jama'a. Masu zurfafa nazari kuwa sukan karkata ga zangon farko na Matt Smith a 2010, ko kashin "Heaven Sent" na Peter Capaldi a 2015, inda jarumin ya yi kusan dukan kashin shi kaɗai. Akwai wata magana da masoyan shirin ke yi wa junansu ba'a da ita, cewa Daktan da ya fi kowa shi ne wanda ka fara gani kana ƙarami. Ba'a ce, amma tana bayyana rabin gardamar. Sauran rabin yana cikin amsar da ta yi magana kan yadda hukuncin masoya ke juyawa.

Da gaske ne shirin ya taɓarɓare a shekarun 1980?

Ya yi tangal-tangal sosai a tsakiyar shekarun, kuma ana iya bin sawun dalilan ɗaya bayan ɗaya. Shirin ya fara yi wa tsofaffin masoya hidima fiye da mai kallo na gida: ana dawo da tsofaffin dodanni, ana gina labari kan abin da ya faru shekara goma sha biyar baya wanda ba a sake nunawa ba. Da Colin Baker ya karɓi rawar a 1984, aka sa masa riga mai launuka barkatai, aka kuma rubuta shi mai girman kai da zafin rai, har ya shaƙe abokiyar tafiyarsa a labarinsa na farko. Niyyar ita ce ya yi laushi sannu a hankali, amma ba a ba shi lokacin ba. A 1985 shugabannin BBC, ciki har da Michael Grade wanda bai ɓoye ƙin shirin ba, suka dakatar da shi wata 18. Da ya dawo a 1986 an rage shi zuwa kashi 14. A cikin wannan zangon Robert Holmes ya rasu bai kammala rubuta ƙarshen labarin ba, editan labari Eric Saward ya yi murabus bayan saɓani da furodusa, aka nemo wasu marubuta suka haɗa kashin ƙarshe cikin gaggawa. Bayan zangon aka sallami Colin Baker.

Inda maganar "shekarun 1980 duk shirme ne" ta karye shi ne ƙarshensu. Zanguna biyu na ƙarshe na Sylvester McCoy, wanda ya gaji Colin Baker a rawar, wato 1988 da 1989, da Andrew Cartmel a matsayin editan labari, yau ana lissafa su cikin masu kyau. Sun mai da Dakta mai sirri da makirci, suka ba abokiyar tafiyarsa Ace tarihi da ciwon zuciya irin wanda ba a saba ba wa abokan tafiya ba. Matsalar ita ce ana nuna shirin a lokaci ɗaya da Coronation Street na tashar ITV, ɗaya daga cikin wasannin da suka fi farin jini a ƙasar, har wani kashi a 1989 ya sauka zuwa masu kallo miliyan 3.1. An rufe shirin ne daidai lokacin da yake farfaɗowa.

To yawan masu kallo ba shi ne ma'aunin inganci ba?

Ma'auni ne mai yaudara, kuma tarihin shirin cike yake da misalai. Adadi mafi girma da zubin farko ya taɓa samu shi ne miliyan 16.1, a kashin ƙarshe na "City of Death" a Oktoba 1979. Labarin mai kyau ne ƙwarai, amma ba kyansa kaɗai ya kawo adadin ba: ma'aikatan ITV na yajin aiki, tashar a rufe take, kuma a lokacin tashoshi uku ne kacal a Birtaniya. Haka kashin Kirsimetin 2007 ya haura miliyan 13 da taimakon fitowar mawaƙiya Kylie Minogue, alhali ba kasafai ake sa shi cikin jerin gwanaye ba. Kashin farko na Jodie Whittaker a Oktoba 2018 ya kusa miliyan 11, ya ɗara na dawowar shirin a 2005 kaɗan, amma wannan ya auna ɗokin ganin mace ta farko a rawar ne.

In za a kwatanta alƙaluma, a tabbatar irinsu ɗaya ne. Akwai na daren da aka nuna shirin, akwai wanda ya haɗa da masu kallo cikin kwana 7, akwai na kwana 28. Masu son nuna shirin ya mutu sukan ɗauko na dare ɗaya na yanzu su jera da cikakken adadin 2008, lokacin da kallo ta intanet bai yaɗu ba. A 2024 ma sakin kowane kashi aka riƙa yi a manhajar iPlayer ta BBC da tsakar dare kafin a nuna shi a talabijin, wanda ke rage adadin daren kai tsaye. Wannan ba ya nufin babu raguwa. Akwai, kuma ta gaske ce. Amma kusan duk wasannin talabijin sun ragu a wannan tsakani, don haka abin dubawa shi ne matsayin shirin a jerin shirye-shiryen makon.

Akwai kuma makin gamsuwa da ake tattarawa daga wasu zaɓaɓɓun masu kallo, bisa 100. Ƙarshen zangon 2008 ya samu 91, "Love & Monsters" na 2006 ya samu 76. Ya fi kusa da auna jin daɗi, sai dai waɗanda suka kalla kaɗai yake tambaya. Wanda ya yi fushi ya kashe talabijin ba ya ciki.

Hukuncin masoya kan wani labari yana canzawa bayan shekaru?

Sosai, kuma wannan ne ya kamata ya sa mutum ya sassauta murya. Da aka nuna "The Deadly Assassin" a 1976, shugaban ƙungiyar masoya shirin ta Birtaniya ya rubuta masa suka mai zafi, saboda ya nuna mutanen Gallifrey a matsayin tsofaffin 'yan siyasa masu son zuciya maimakon halittu masu kwarjini. Yau labarin na cikin waɗanda ake tinƙaho da su, kuma kusan duk abin da aka sani game da Gallifrey daga gare shi ya samo tushe. Colin Baker, wanda aka ɗora wa laifin shekarun 1980, ya wanke sunansa ta wasannin sauti na kamfanin Big Finish da aka fara a 1999, inda aka ba shi rubutu mai kyau, babu kuma rigar nan a ido. Capaldi ma an yi ta ƙorafin zafin halinsa a 2014, yanzu da yawa na cewa shi ne ɗan wasan da ya fi iya rawar.

Juyin kan bi ta ɗaya ɓangaren. "The Talons of Weng-Chiang" na 1977 ya daɗe a saman jeri, amma yau da wuya a yabe shi ba tare da an ambaci cewa Bature aka yi wa kwalliya ya fito a ɗan China ba, da yadda labarin ya zana 'yan China gaba ɗaya.

Sai wani abin dariya da masoya ba sa mantawa. A 1986 wani matashi ɗan ƙungiyar masoya ya fito a shirin BBC mai suna Open Air ya soki zangon shekarar a gaban marubutansa. Sunansa Chris Chibnall. Bayan shekara talatin da 'yan kai shi ne ke kan kujerar, ana yi masa abin da ya yi wa wasu.

Mene ne ainihin bambancin Davies da Moffat da ake ta faɗa a kai?

Davies daga mutane yake fara labari. Abokan tafiyar Dakta a lokacinsa suna da uwa, da saurayi, da gidan haya, da aikin kanti, kuma abin da ke faruwa a sararin samaniya yana dawowa ya taɓa su. Rauninsa warware ƙulli: yakan tara bala'i har ya kai maƙura, sannan a danna wani maɓalli ko wani iko ya sauko komai ya koma daidai cikin minti biyu. Moffat daga dabara yake farawa, musamman wasa da lokaci, inda sakamako kan riga sanadi zuwa. Idan ta yi kyau a samu "Blink" na 2007. Idan ta yi yawa a samu zangon 2011, wanda aka raba biyu da hutu a tsakiya, aka kuma jibga masa asirai da sai mai bi sau da ƙafa zai riƙe zarensu. Ana kuma sukarsa da cewa matan da yake rubutawa kan zama kacici-kacin da Dakta zai warware.

Wanda ke kallo don ya ji a zuciya zai yafe wa Davies maɓallinsa. Wanda ke kallo don ya yi lissafi zai yafe wa Moffat ruɗaninsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sukar zamanin Jodie Whittaker, saboda mace ce ko saboda rubutu?

Duka biyun sun faru, kuma cakuɗa su ne ya ɓata tattaunawar. Akwai waɗanda tun ranar da aka sanar da sunanta a 2017, kafin a ɗauki ko fitowa ɗaya, suka yanke hukunci. Wannan ba sukar inganci ba ce, tun da babu abin da aka gani tukuna.

Akwai kuma suka ta sana'a wadda har masu ƙaunar Whittaker ke yi. An ba ta abokan tafiya uku a kashi mai minti 50, sai lokaci ya kasa isar kowa, Yaz musamman ta yi zango guda kusan ba ta da abin yi. 'Yan wasa kan tsaya su bayyana abin da mai kallo ke gani da idonsa. Sau da yawa Dakta kan tsaya kallo wani ya warware matsalar. A gefen yabo, hoton shirin ya ƙara kyau, kiɗan Segun Akinola ya kawo sabon launi bayan shekaru goma sha biyu na Murray Gold, kuma labaran tarihi irin su "Rosa" da "Demons of the Punjab", kan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, sun samu karɓuwa. Zangon 2021 kuma annobar korona ce ta matse shi zuwa kashi 6, don haka a yi masa hukunci da sanin haka. Babbar rigimar zamanin, ta asalin Dakta, tana cikin amsar da ke magana kan saɓa wa tsohon labari.

Ƙarin kuɗi ba ya gyara shirin?

Yana gyara abin da ido ke gani kawai. A zubin farko ana ɗaukar yawancin fitowa ne a ɗakin ɗauka da kyamarori da yawa lokaci guda, kamar wasan daɓe, kuma ƙarfe 10 na dare aiki ke tsayawa ko an gama ko ba a gama ba. Shi ya sa ake ganin kuskuren da ba a sake ɗauka ba. Misalin da ya fi shahara shi ne dodon ruwa na "Warriors of the Deep" a 1984: zaɓen gama-gari na 1983 ya sa aka matso da ranakun ɗauka, aka shigo da rigar dodon fentinta bai bushe ba, mutum biyun da ke ciki ba su samu yin gwaji ba. A nan rashin lokaci da kuɗi sun kashe labari.

Amma ƙunci ya sha haifar da gwaninta. "Blink" ya samu ne saboda ana ɗaukar kashi biyu lokaci guda, don haka dole a rubuta wanda Dakta ba zai fito sosai ba. "Midnight" na 2008 kusan duka a cikin mota ɗaya aka yi shi, ba a ma nuna dodon ba. Daga 2023, da kuɗin Disney+, dandalin kallo ta intanet na kamfanin Disney, suka shigo, shirin ya yi kyan gani fiye da kowane lokaci, amma zangon Ncuti Gatwa, Daktan wannan lokacin, kashi 8 ne kacal, a biyu daga na 2024 ma da ƙyar ya fito. Ƙorafin da ya fi yawa a kansa shi ne ba a zauna da shi an san shi ba kafin ya tafi a Mayu 2025.

Me ya sa tsofaffin labaran ke da jan jiki, sababbin kuma kamar ana kora su?

Tsarin ne ya bambanta. A da labari ɗaya kan ɗauki kashi 4 ko 6 masu minti 25, mako-mako, kowane kashi a yanke shi daidai inda rai ke hannun Allah. Akwai mai kashi 10, akwai mai 12. A shekarun 1960 ana yin sama da kashi 40 a shekara, dole a ja labari: a kama Dakta, ya tsere, a sake kama shi. Wanda ya zauna ya kalli kashi shida a jere zai ga maimaicin da mai kallon 1968 bai gani ba, don shi mako guda ke tsakaninsa da kowane kashi. Shawara ita ce kashi ɗaya ko biyu a zama.

Sabon zubi ya koma labari guda a minti 45. Ribar ita ce babu ɓata lokaci. Asarar ita ce sai a gina duniya sabuwa, a gabatar da mutanenta, a kawo matsala a warware ta duk a wannan ɗan tsakani, shi ya sa ƙarshen labari kan zo a gurguje. Yawan kashi ma ya yi ta raguwa: 13 a zamanin Davies na farko, 12 a na Capaldi, 10 a farkon Whittaker, 8 a na Gatwa.

Saɓa wa abin da tsohon labari ya kafa, lalacewa ce?

Shirin bai taɓa riƙe tarihinsa da ƙarfi ba. A 1976 aka ce Dakta sau 12 kawai zai iya sabunta jiki, a 2013 aka ba shi sabon zubi na rayuka. Fim ɗin 1996 ya ce rabinsa ɗan Adam ne, aka yi kamar ba a ji ba. A 2020 "The Timeless Children" ya ce Dakta ba ɗan Gallifrey ba ne tun asali, kuma ya yi rayuka da yawa kafin Hartnell. Masu adawa na cewa hakan ya mai da ɗan tawayen da ya saci jirgi ya gudu wani zaɓaɓɓe na musamman, ya rage masa abin da ke sa a so shi. Masu goyon baya na cewa ya dawo da sirrin da sunan shirin ke tambaya a kai. Sukar da ta fi ƙarfi ba ta kan saɓawar ba ce, tana kan yadda aka isar da ita: Dakta, a lokacin Whittaker ce, a tsaye a ɗaure, mugun labarin na karanta mata tarihinta na tsawon lokaci.

Yaya ake yanke hukunci kan zamanin da kashinsa suka ɓace?

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge faifan bidiyo don sake amfani da su, tana kuma zubar da kwafin fim. Sama da kashi 90 na zamanin Hartnell da Troughton babu hotonsu har yau. Sautinsu duka ya tsira, saboda masoya sun riƙa naɗa daga talabijin a gida, kuma an yi wa wasu zanen katun a kan sautin.

Sunan irin waɗannan labarai ya dogara da tunanin waɗanda suka gani suna yara, kuma idan faifai ya dawo hukunci kan motsa. "The Tomb of the Cybermen" ana yi masa kallon abin da ba a taɓa yin irinsa ba, da aka samo shi a Hong Kong aka sake shi a 1992 sai aka ga mai kyau ne amma da aibobinsa. A 2013 aka sanar da gano kashi 9 a wata tashar talabijin a Jos, Najeriya, waɗanda suka cike "The Enemy of the World" suka kuma kusa cike "The Web of Fear". Na farkon ba a ɗauke shi da daraja ba a da, saboda kashi ɗayan da ya rage a ajiya shi ne mafi sanyi a cikinsu. Da aka ga sauran, da Troughton yana taka rawa biyu, sai darajarsa ta tashi.

In ina son in auna da kaina, ta ina zan fara?

Kada ka fara da 1963 ka ce sai ka bi a jere, yawancin masu yin haka a kan ɓatattun kashi suke sarewa. Ƙofofin da aka gina don sabon mai kallo su ne farkon zangon 2005, farkon na 2010, farkon na 2018, da kashin Kirsimetin 2023. A zubin farko, "Spearhead from Space" na 1970 shi ne na farko mai launi kuma farkon Jon Pertwee, "City of Death" kuma ya fi saurin shiga rai.

Ka ba kowane zamani aƙalla labari uku daga marubuta daban-daban kafin ka yanke, ka kuma guji labarin farko na sabon Dakta a matsayin ma'auni, don galibi a ruɗe ake rubuta shi bayan sabunta jiki. Dalilin labari uku shi ne tazarar da ke tsakanin kashi da kashi ta fi wadda ke tsakanin zamani da zamani. A ƙuri'ar da mujallar Doctor Who Magazine ta yi a 2009 kan labarai 200, "The Caves of Androzani" ne ya zo na ɗaya, "The Twin Dilemma" ya zo na ƙarshe. Dukansu a Maris 1984 aka nuna su, ɗaya na bin ɗaya, furodusa ɗaya, editan labari ɗaya.